Krav Maga: Mai Yabo Da Mai Zagi Duk Sun Manta Inda Ta Fito

Makonni uku da suka wuce aka tare ɗan yayata a wani lungu bayan sallar isha'i. Samari biyu ne, ɗaya ya zaro wuƙa, ɗayan ya miƙo hannu. Ya ba su wayar, suka bi shi da mari, suka shige duhu. Allah Ya kiyaye, ko ƙwarzane bai samu ba, amma tun daga daren yaron bai dawo daidai ba. Ya daina fita da zarar magariba ta yi. Daga baya sai na lura kullum yana maƙale da wayar mahaifiyarsa, yana kallon wani ƙato mai baƙar riga a YouTube yana nuna yadda ake ƙwace wuƙa daga hannun ɗan fashi kafin ƙiftawar ido.

Na ce masa, "Kai kuma wannan fa?"

Ya ce, "Kawu, Krav Maga ce. Da ita ake horar da sojojin Isra'ila. Da na iya ta, wallahi da yaran nan ba su sha ba."

Washegari na kai zancen majalisarmu. Ban kai aya ba wani dattijo da nake ganin girmansa ya tari numfashina: "Malam, ka hana shi tun wuri. Damben Yahudawa ne. Ina Musulmi ina koyon abin da ake dukan Falasɗinawa da shi?"

Na koma gida maganganun nan biyu suna ci mini rai. Yaron ya ɗauki abin tamkar maganin tauri, dattijon kuma ya ɗauke shi najasa. Ni kuwa ga matsayina tun kafin mu yi nisa: Krav Maga dabarar tsira ce wadda mutanen da aka tsangwama suka ƙago a lungunan unguwarsu. Babu laifi a koye ta, kuma akwai abin ɗauka a tarihinta ga duk wanda tsoro ya hana shi fita da dare. Sai dai ƙarfinta yana da iyaka, kuma rayuwar wanda ya kafa ta ita ta fi komai nuna wannan iyakar.

A titi aka haife ta

Mutumin sunansa Imi Lichtenfeld. An haife shi a Budapest a 1910, ya tashi a Bratislava, wadda a yau ita ce babban birnin Sulobakiya. Mahaifinsa, Samuel, ya yi shekaru yana yawo gari-gari cikin masu wasan nuna ƙarfi da alkafura, daga baya ya shiga aikin ɗan sanda har ya zama babban sufeto, yana kuma da gidan motsa jiki inda yake koya wa mutane kokawa da kare kai. A nan Imi ya girma. A 1928 ya ci gasar kokawar matasa ta ƙasarsu, a 1929 ya ci ta manya, kuma ya yi suna a damben boksin da wasan lanƙwasa jiki.

Da aka shiga tsakiyar shekarun 1930, iskar 'yan Nazi ta kaɗo daga Jamus. Gungun matasa masu ƙin Yahudawa suka riƙa kai farmaki unguwar Yahudawan Bratislava, suna dukan wanda suka samu. Imi ya haɗa abokansa 'yan kokawa da 'yan dambe suka tsaya a bakin unguwa.

A nan ya gano abin da ya zama tushen komai: gwanintar fili daban, faɗan titi daban. A fili mutum ɗaya ne a gabanka, nauyinku ɗaya, akwai alƙalin wasa, akwai wurin da aka haramta duka. A titi mutum biyar ne, ɗaya da sanda, ɗaya da wuƙa, kuma babu mai busa usur. Kamun kokawar da ya ba shi kambu, idan ya yi shi a titi ya kai mutum ɗaya ƙasa, sauran huɗun sun samu ƙeyarsa ke nan. Sai ya fara zubar da duk wani motsi na ado, ya bar wanda zai fitar da mutum da ransa: ka tare duka ka rama a lokaci guda, ka nufi inda jiki ba ya jurewa, ido, maƙogwaro, gwiwa, ƙasan mara, ka gama da wuri ka bar wurin.

Sunan ma daga baya ya zo. Da Ibrananci, "krav" faɗa ne, "maga" kuwa haɗuwar jiki. Faɗan gaba da gaba ke nan, babu wani sirri a ciki.

"Ai kayan Yahudawa ne"

Maganar dattijon nan ba ta banza ba ce, kuma ba zan lulluɓe ɓangaren da yake da gaskiya ba. Imi ya isa Falasɗinu a 1942, lokacin tana hannun Birtaniya. Daga 1944 ya fara horar da mayaƙan Haganah, ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai, da rundunarta ta musamman, Palmach. Waɗannan su ne suka zama ƙashin bayan sojan Isra'ila a 1948, shekarar da Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu, wasu aka kore su, wasu suka gudu ba a bari sun dawo ba. Dakarun Palmach suna cikin waɗanda suka fitar da mutanen garuruwan Lidda da Ramla a watan Yulin shekarar. Imi ya zama babban mai horar da sojoji motsa jiki da faɗan hannu, ya riƙe aikin har 1964. Har yau ana koya wa sojojin ƙasar wannan dabara. Duk wanda ya ga abin da ake yi wa mutanen Gaza zuciyarsa ta ƙi duk abin da ke ɗauke da tambarin wannan soja, ni ba zan ce masa ya yi wauta ba. Ni ma abin yana min ciwo.

Amma mu tsaya mu raba abubuwan. Saurayin da ya tsaya a bakin lungunsu a Bratislava don kada 'yan iska su shiga su daki tsohuwarsa, bai kori kowa daga gida ba. Shi ake so a kora. Wanda ya san zafin abin da ake yi wa yaron Falasɗinu, ya kamata ya fi kowa gane wannan saurayin, don halin da suke ciki iri ɗaya ne: an zo har ƙofar gidansu saboda abin da aka haife su a kai. Idan muka ce duk abin da Bayahude ya taɓa ya ƙazantu, mun ɗauki ainihin tunanin waɗancan 'yan iskan mun sa a kanmu.

Kuma idan aka kwance dabarar aka baje ta, me za a gani? Naushin boksin, kamun kokawa, kayarwar judo ta Japan, kulle gaɓoɓi irin na aikido. Babu addu'ar wani addini a ciki, babu sujada ga kowa. Abin da ya rushe gidajen Gaza jiragen yaƙi ne da bama-bamai. Yarinyar da ta koyi yadda za ta ɓanɓare hannun wanda ya shaƙe ta ba ta ƙara wa wancan soja ko harsashi ɗaya ba.

Mu Musulmi ma muna da misali a gida. A yaƙin Ahzab, shekara ta 5 bayan hijira, haƙa ramin da ya kare Madina shawarar Salmanul Farisi ce, dabarar yaƙin Farisawa, mutanen da a lokacin wuta suke bauta wa. Manzon Allah (SAW) ya karɓa, ya kuma shiga haƙan da hannunsa. Ba a ce a bar ta don asalinta ba.

Inda nake ja layi shi ne nan. Malamin da zai rataya tutar soja a bango, yana tallar ajinsa da cewa da wannan ake murƙushe mutane a shingayen bincike, ba zan kai masa ɗan yayata ba. Wanda kuma ya ce shi ba zai biya kuɗin rajista ga ƙungiyar da hedikwatarta take Isra'ila ba, haƙƙinsa ne, kuma ina girmama shi. Wannan hukunci ne a kan inda kuɗinka zai tafi. Hukuncin ilimin kansa daban ne.

"Muna da dambe, muna da kokawa"

Wannan ita ce hujjar da ta fi daɗin ji, kuma ni ma ina son ta. Na tashi ina zuwa gidan dambe. Na san yadda fili yake ɗaukar zafi idan kalangu ya tashi, ɗan dambe ya naɗe hannu da zare har ya yi tauri kamar dutse, ya miƙa ɗayan gaba yana auna abokin karawa, ya karkace jiki yana jiran kafa. A Nijar kuwa gasar kokawa ta takobi tun 1975 take tsayar da ƙasa cak. Jarumta ba aro za mu yi ba.

To amma ku dubi dambe da idon Imi. Hannu ɗaya ne mashi. Turmi uku ake yi. Da hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa, an yi kisa, an raba, kowa ya koma ɓangarensa. Ko da wasa ya yi zafi akwai masu shiga tsakani. Wannan duk ƙa'ida ce ta mutunci, ita ta sa dambe ya zama wasan maza ba ta'addanci ba. Mai ƙwacen waya bai san turmi ba, kuma idan ka faɗi a gabansa lokacin ne zai fara.

Akwai kuma tambayar waye ake koya wa. Dambe da kokawa na ƙarfafa ne, samari majiya ƙarfi, da yawansu gado suka yi. Abin da soja ya tilasta wa Imi kuwa shi ne ya koyar da kowa: mai ƙiba da siriri, namiji da mace, wanda ya taɓa wasa da wanda bai taɓa ba, kuma cikin 'yan makonni. Shi ya sa ya gina motsin a kan abin da jiki yake yi da kansa idan ya firgita. In aka kawo maka duka ta sama, ko ba a koya maka ba hannunka zai tashi. Sai ya ɗauki wannan tashin ya gyara shi kaɗan ya zama kariya. Ba shi kaɗai ya yi wannan tunanin ba. Kafin zuwansa Falasɗinu akwai tsarin da ake kira Kapap, wanda ya haɗa da faɗan sanda, don Turawan Birtaniya sun tsananta a kan riƙe bindiga, kuma wani malami mai suna Moshe Feldenkrais ya riga ya koyar da jujitsu, salon faɗan Japan, a kan irin wannan tushe. Masu talla sun fi son labarin gwarzo ɗaya, amma hannaye da yawa ne suka gina ta.

Abin da nake so mu ɗauka a nan shi ne tambayar da suka yi wa kansu, ko da ba mu ɗauki amsarsu ba. Wa ya taɓa zama ya tace dambenmu da kokawarmu da sandar makiyaya ya fitar da abin da ɗalibar jami'a mai dawowa daga lacca da yamma za ta iya koya cikin wata biyu? Ko mai shago da ke rufewa ƙarfe goma na dare? Kayan aikin suna nan a hannunmu, tacewar ce ba mu yi ba.

"Za ku ƙara mana 'yan daba"

Wani abokina malamin makaranta ne ya kawo wannan. Ya ce garin da yara ke yawo da wuƙa a ƙugu, shi ne za a koya musu tsokane ido da dukan maƙogwaro?

Ɗan daba bai jira aji ba. Wuƙarsa da ƙwayarsa sun ishe shi, kuma ba shi da haƙurin zuwa horo sau uku a mako yana maimaita motsi ɗaya har gumi ya jiƙa shi. Wanda ke zuwa irin wannan aji galibi wanda aka taɓa cuta ne, kamar ɗan yayata. Kuma malamin kirki abin da yake fara koyarwa shi ne lura da hanya, kauce wa rigima, sassauta murya, da gudu idan akwai hanyar gudu.

Amma tsoron abokina yana da tushe idan aka tashi daga mutum ɗaya aka koma ƙungiya. Kalmar Haganah kanta ma'anarta tsaro, kuma mun ga inda ta kai a 1948. Mu ma mun gani a gida. 'Yan sa-kai a Zamfara don kare ƙauyuka daga ɓarayin shanu suka tashi, daga baya aka riƙa samun wasunsu da kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, wutar ta ƙara ruruwa. Wanda ya ɗanɗani zalunci, ranar da ƙarfi ya dawo hannunsa, ba kullum yake tuna ɗacin ba. Don haka ina goyon bayan mutum ya koyi kare jikinsa, amma duk lokacin da aka ce a tara samari a ba su horo da sunan tsaron unguwa, tambayata ta farko ita ce wa zai tsawata musu idan sun wuce gona da iri.

Masu talla

Yanzu ga ɓangaren ɗan yayata. Bayan Imi ya bar soja a 1964, ya buɗe wuraren horo a Tel Abib da Netanya, ya sassauta tsarin don farar hula, ya aro tsarin ɗamara mai launi-launi daga judo. Ɗalibinsa Eli Avikzar ne ya fara samun baƙar ɗamara a 1971. A 1978 suka kafa ƙungiya a Isra'ila. A 1981 wasu Amurkawa suka je kwas ɗin malamai, cikinsu har da Darren Levine, wanda ya koma ya yaɗa ta a Los Angeles, 'yan sanda da taurarin fim suka shiga. Imi ya rasu a Netanya a watan Janairun 1998, kuma tun kafin rasuwarsa manyan ɗalibansa sun fara rabuwa. Yau ƙungiyoyi ne barkatai, kowacce tana cewa ita ce ta gaskiya, wasu kuma suna ba mutum takardar zama malami bayan kwas na 'yan kwanaki.

A nan matsalar take. Ɗan boksin ko ɗan kokawa ba ya iya ƙarya, don ranar gasa kowa zai gani. Krav Maga kuwa ba a gina ta don gasa ba, hujjarsu ita ce motsinta ya yi haɗari. Hujjar tana da ma'ana, amma ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya sayi baƙar riga ya ce shi gwani ne. A bidiyo, mai wuƙar yakan kawo suka ɗaya a hankali, ya bar hannunsa a miƙe yana jiran a murɗe. Wane ɗan fashi ne yake haka?

Na ce wa yaron ya sa tsohuwar farar rigarsa ya same ni a tsakar gida. Na ɗauko guntun gawayi a murhu na ce, "Wannan ita ce wuƙar. Yi abin da ka gani." Na fi shi da shekara kusan talatin, gwiwata ma tana damuna. Ban yi wata dabara ba, na dai riƙe masa riga da hagu na riƙa kai gawayin da dama, sauri-sauri, kamar yadda mai fushi zai yi. Kafin mahaifiyarsa ta ƙirga goma na sake shi. Ya duba rigar: baƙin zane a ciki, a haƙarƙari, a hannu biyu, ɗaya a gefen wuya. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

Na ce masa, "Daren nan da ka miƙa wayar, abin da ya kamata ka yi ke nan. Ba tsoro ba ne. Ko malaman abin na gaskiya haka za su ce maka."

Idonsa ya ciko. Ashe abin da ke cinsa tun ranar ke nan, yana ganin ya zama rago.

Inda naushi ya tsaya

Mu koma Bratislava, don akwai ƙarshen labarin da masu talla ba sa so. Imi da abokansa sun tare 'yan iskan titi na wasu shekaru. Amma a watan Maris na 1939 aka kafa gwamnatin Jozef Tiso a Sulobakiya, mai biyayya ga Hitler, sai ƙiyayyar ta tashi daga titi ta koma ofis, ta sa kaki, ta riƙe doka. Daga nan babu naushin da zai yi aiki. A 1940 Imi ya gudu a wani tsohon jirgin kogi mai suna Pentcho, wanda ya ɗauki 'yan gudun hijira kusan 500 ya bi kogin Danube. Jirgin ya yi watanni a hanya, daga ƙarshe ya tarwatse a gefen wani tsibiri a tekun Girka. Imi yana cikin 'yan kaɗan da suka shiga kwalekwale neman taimako, jirgin yaƙin Birtaniya ya tsince su ya kai su Masar. Ya yi aiki da rundunar 'yan Cek da ke ƙarƙashin Birtaniya kafin ya isa Falasɗinu. A shekarar da ya isa, 1942, gwamnatin Sulobakiya ta loda Yahudawa kusan 58,000 a jiragen ƙasa ta miƙa wa Jamus. Kaɗan ne ƙwarai suka dawo.

Gwarzon kokawar ƙasa guda, mutumin da ya fi kowa iya faɗan titi a garinsu, abin da ya cece shi gudu ne. Unguwar da ya tsaya wa kuwa ba ta tsira ba.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji wani babba yana cewa jama'a su tashi su kare kansu, kamar ya sauke nauyi ke nan. Kare kai yana saya maka daƙiƙa goma ka kuɓuce. Ba ya maye gurbin ɗan sandan da zai zo idan an kira shi, ko alƙalin da zai hukunta wanda aka kama, ko aikin yi ga yaran da ke zaune a bakin kwalbati tun safe.

Ɗan yayata yanzu yana zuwa wajen wani mai koyar da boksin sau biyu a mako, inda ake sa safar hannu a daki juna da gaske, yana kuma gudu da asuba. Na ce masa idan ya samu malamin Krav Maga da ke barin ɗalibai su gwada da wanda ke turjewa, wanda kuma ba ya yi musu alƙawarin ƙwace wuƙa, ni zan biya kuɗin. Ya koma zuwa sallar isha'i a masallaci, amma ta babban titi yake zagayawa. Lungun har yau babu fitila, kuma shekaranjiya an sake ƙwace wayar wata mata a wurin.